Danshi a Ƙarƙashin Daɓe: Yadda Ake Busar da Kogon Gidajen Katako na Amurka

Wanda ya tashi a gidan da aka cike harsashinsa da jar ƙasa aka malala kankare a kai, zai yi mamaki ranar da ya je duba gida a Jojiya ko Karolaina ta Arewa, aka nuna masa wata 'yar ƙofa a gindin bango aka ce ta nan ake shiga ƙarƙashin gidan. Gidaje masu yawa a Amurka, musamman a kudu maso gabas da arewa maso yamma, daɓensu na katako ne, kuma a ɗage yake daga ƙasa. Ana zagaya gajeren bango na bulo ko kankare, a kafa ginshiƙai a tsakiya, a jera katakai masu aikin azara, sannan a shimfiɗa daɓe a kansu. Tsakanin daɓen da ƙasa sai a sami kogo mai tsayin ƙafa ɗaya da rabi zuwa huɗu. Sunan da suke kiransa da shi ma'anarsa wurin rarrafe, domin babu mai shigarsa a tsaye. A ciki ake ratsa bututun ruwa, da wayoyin lantarki, da manyan bututun da ke kai iskar sanyi ko ta ɗumi cikin ɗakuna.

Wuri ne da mai gida kan yi shekaru bai leƙa ba, alhali iskar da iyalinsa ke shaƙa tana bi ta can. Iska mai ɗumi a cikin gida sama take yi ta fice ta rufi, gurbin da ta bari kuwa daga ƙasa ake cike shi, ta duk wata kafa da aka huda wa bututu ko waya a jikin daɓe. In kogon na warin fumfuna, falo ma zai yi. Mai asma ko yaro mai yawan mura shi ne kan fara gane hakan a ƙirjinsa.

Alamomin danshi suna zuwa da wuri, ga wanda ya san su. Allunan daɓe su ɗaga gefe da gefe tsakiyarsu ta lotsa, kamar kwale-kwale, saboda ƙasansu ya sha laima ya kumbura samansu yana bushe. Ƙofofi su riƙa cijewa a lokacin zafi. In ka shiga da tocila za ka ga wani farin gari kamar kanwa a jikin bulo, wanda gishirin cikin siminti ne da ruwa ya kwaso ya bari bayan ya ƙafe. Kawunan ƙusoshi sun yi tsatsa sun zubo da baƙin hawaye a jikin katako. Audugar gilashin da aka cusa tsakanin katakai don tare sanyi ta yi nauyi ta zazzago tana lilo. Bututun iskar sanyi yana ɗiga kamar randa.

Ido kaɗai bai isa ba, akwai lambobi biyu da ake aiki da su. Ta farko laimar iska, wadda ƙaramin ma'auni mai batir ke nunawa. Abin da ake nema shi ne ta tsaya tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100. In ta daɗe sama da 70, fumfuna ta sami wurin zama. Ta biyu danshin katako, wanda ake aunawa da wata na'ura mai allura biyu da ake cakawa a jikinsa. Ƙasa da kashi 16 lafiya lau. In ya haura 19 ko 20 an shiga haɗari, in kuwa ya kai wajen 28 zuwa 30 ya zauna a haka, ruɓa ta kama aiki. Bambancin yana da muhimmanci: fumfuna a fatar katako take zama, tana ɓata iska amma ba ta karya azara, ruɓa ita ce ke cin ƙarfin katakon har sukundireba ya shige shi kamar burodi. A caka na'urar a wurare da yawa, musamman katakon da ke kwance a kan bango, da ƙarƙashin banɗaki da kicin, da kusa da kafofin iska.

Ruwa ba ya tsami banza. Ta hanya uku danshi ke shiga kogo: ruwa mai gudu daga sama ko daga cikin ƙasa, tururin da ƙasa ke fitarwa dare da rana, da laimar da iskar waje ke shigowa da ita. Kowacce da maganinta, kuma asarar kuɗi mafi yawa a wannan harka tana faruwa ne idan aka sayi maganin ta uku alhali ciwon na ta farko ne. Sau tari za ka ga an sa na'urar tsotse laima mai tsada a kogon da ruwa ke kwanciya a cikinsa duk bayan ruwan sama. Na'urar za ta yi ta aiki ba hutu, kuɗin wuta ya hau, katako kuma ya ci gaba da ruɓewa.

Don haka a fara da bincike. A shiga kogon kwana ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi, a kuma sake shiga bayan mako biyu ba ruwa. In jiƙar tana zuwa da ruwan sama tana tafiya da shi, daga waje take. In wuri guda ne kullum a jiƙe ko da fari, a ɗaga kai a dubi bututu. In ba a ga ruwa a ƙasa ba amma komai na gumi a watannin Yuli da Agusta, iskar waje ce. Akwai wani gwaji mai sauƙi na bango: a manna leda mai faɗin ƙafa ɗaya da rabi a jikin bulo, a like gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana biyu ko uku. Raɓa a bayan ledar, wajen bango, tana nufin ruwa na ratso bulon. Raɓa a fuskarta tana nufin iskar kogon ce ta cika da laima.

Aikin farko a waje yake, kuma shi ne mafi arha. Ruwan sama na milimita 25 a kan rufi mai murabba'in mita 100 lita 2,500 ne. Duk wannan ruwan ta indararo uku ko huɗu yake sauka, in kuwa bakinsu a gindin bango yake, to an tara ruwan rufin gaba ɗaya an ɗura wa harsashi. A share magudanar bakin rufi daga ganye sau biyu a shekara, musamman bayan kaka lokacin da itatuwan can ke kaɗe ganyensu. A ƙara wa kowane indararo bututu ya kai ruwan aƙalla ƙafa 5 daga bango, in fili ya ba da dama a kai 10. Sai gangaren ƙasa. Kundin dokokin ginin gidaje na IRC, wanda yawancin jihohin Amurka suka ɗora nasu dokokin a kansa, ya ce ƙasa ta gangara aƙalla inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko daga jikin gida. Sabon gida kan cika wannan sharaɗin, amma ƙasar da aka mayar cikin ramin harsashi takan zauna bayan 'yan shekaru, sai gangaren ya juya ya fuskanci gida. Ana gyara shi da ƙasa mai yumɓu a daddanne ta sosai. Yashi da tsakuwa ba sa wannan aikin, ruwa ratsa su yake yi. Kuma kada garin ciko a binne gindin katakon bango, a bar aƙalla inci 6 tsakaninsa da ƙasa.

Lambun furen da ake yi a jikin bango ma yana da laifi a nan. An kewaye shi da bulo ya zama kwatami, an zuba ɓawon itace mai riƙe ruwa, ga famfon ban-ruwa yana fesa wa bango kowace asuba.

Wani gidan kuwa ko an gyara waje ruwa zai shigo, saboda a gindin tudu yake, ko ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa a lokacin damina, ko jan yumɓun nan na Jojiya da Karolaina ya hana ruwa nutsewa. A nan sai magudana ta ciki. Ana haƙa kwata a zagaye kogon ta ciki, a ɗan ja baya daga bango, kuma kada a haƙa a jikin tushen harsashi har a zarce ƙasansa, domin yin haka yana kwashe ƙasar da ke ɗauke da gidan. A shimfiɗa ƙyallen tace ƙasa a cikin kwatar, a zuba wankakkiyar tsakuwa inci biyu, a kwantar da bututu mai huji-huji na inci 4, hujojin suna kallon ƙasa, a rufe da tsakuwa, a naɗe ƙyallen a kai. Mutane da yawa suna juya hujojin sama suna zaton daga sama ruwa zai faɗo. Daga ƙasa yake tasowa, kuma ana so ya sami ƙofa tun bai yi tsayi ba. Bututun ya gangara kimanin inci ɗaya a kowace ƙafa 8 zuwa wuri mafi kwari, inda aka binne bokitin tara ruwa mai murfi.

A cikin bokitin ake sa injin jan ruwa mai ƙwallo irin na tankin ruwa, in ruwa ya ɗaga ƙwallon injin ya tashi. Abubuwa huɗu ne ke kashe wannan tsarin. Rashin bawul mai hana ruwa komowa, sai ruwan da ke cikin bututu ya dawo bokiti, injin ya yi ta tashi yana mutuwa har ya ƙone. Ƙwallon ya maƙale a jikin bokiti ko waya. Bakin bututun fitarwa ya zama kusa da gida, ruwan ya zagayo ya dawo, ko ya daskare da ƙanƙara a lokacin hunturu. Na huɗu shi ne ɗaukewar wuta, wadda ta fi faruwa daidai lokacin guguwa, lokacin da aka fi bukatar injin. Saboda haka injin ko-ta-kwana mai batir ba almubazzaranci ba ne. Murfin bokitin ya rufu ruf, in ba haka ba an buɗe rijiya ke nan a cikin wurin da ake son busarwa.

Bututun ruwa mai yoyo, da ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke zubarwa, da bututun injin busar da tufafi wanda ya kwance yana huro tururi cikin kogo, waɗannan ba su bukatar dogon bayani. A gyara, a kai bakinsu waje.

Sai tururin ƙasa. Ƙasa tana iya bushewa a ido har ta yi ƙura, amma ƙarƙashinta da danshi, kuma tana jan ruwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Bushewar samanta ma shaida ce cewa ruwan yana ƙafewa yana shiga iskar kogon. Maganinsa leda, kuma a ganinmu babu wani abu a wannan aiki da ke biyan kuɗinsa kamar ita. Mafi ƙarancin kauri da ake yarda da shi shi ne wadda suke kira mai lamba 6, wato kimanin milimita 0.15. Tana tare tururi, amma gwiwar mai gyaran famfo tana yaga ta a shiga ɗaya. In wuri ne da za a riƙa shiga, gara mai lamba 10 zuwa 20, mai zare a cikinta. Fara ta fi baƙa, domin tana haska kogon, kuma duk ɗigon ruwa ko kashin ɓera za a gan shi a kanta.

Kafin a shimfiɗa, a kwashe komai daga ƙasa: guntayen katako, kwali, saiwoyi, tsofaffin allunan da magina suka bari. Duk abin da gara ke ci kada a bar shi ƙarƙashin leda. A tsince duwatsu masu kaifi, a baje ƙasa da manjagara ta yadda in ruwa ya zo zai gangara wajen bokiti. A fara da ginshiƙai da bango, a naɗe su tukuna, sannan a shimfiɗa ta ƙasa ta hau kansu. Dokar IRC ta ce inda leda biyu suka haɗu su hau juna da inci 6 a like, kuma gefenta ya hau bango aƙalla inci 6 a manne shi. Masu aikin da suka ƙware sukan ba da inci 12 a haɗi, domin leda tana ja da baya idan ana rarrafe a kanta. A like da salatif ɗin da aka yi don leda, a goge ƙura kafin a manna. Salatif ɗin toka-toka na gyare-gyaren gida yakan saki cikin shekara guda a wuri mai danshi. A jikin bango, gam kaɗai ba ya riƙewa har abada, sai an haɗa da ƙusoshin roba ko siririn ƙarfe da aka ɗaure da ƙusar kankare. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a shimfiɗa leda a tsakiya kamar tabarma a bar gefe da gindin ginshiƙai a buɗe, alhali gefen bango ne wurin da ya fi ko'ina jiƙa.

Magina a Kano ko Maraɗi sun san ƙanwar wannan dabara: ledar da ake shimfiɗawa a kan ciko kafin a zuba kankaren daɓe. Dalilin ɗaya ne, kuma gidan da aka tsallake ta shi ne wanda fentin gindin bangonsa ke kumbura yana ɓarewa kowace damina.

Yanzu ga inda aka fi samun gardama, wato kafofin iska. Shekaru da dama ana gina waɗannan gidaje da ƙananan tagogi masu raga a jikin gajeren bangon, da nufin iska ta ratsa ta kwashe danshi. Har yau dokar tana nan: murabba'in ƙafa ɗaya na kafa ga kowane murabba'in ƙafa 150 na kogo, da kafa guda a cikin ƙafa 3 daga kowace kusurwa. In an rufe ƙasa da leda, adadin na iya sauka zuwa ɗaya cikin 1,500. Tunanin ba na banza ba ne. Shi ne hikimar rumbu, wanda ake ɗora shi a kan duwatsu don iska ta wuce ta ƙarƙashinsa hatsi ya tsira daga danshin ƙasa. Sai dai ƙarƙashin rumbu a buɗe yake ta kowane gefe, zafinsa ɗaya da na waje. Kogon gida kuwa a kewaye yake, a inuwa, ƙasa tana sanyaya shi daga ƙasa, na'urar sanyaya ɗaki tana sanyaya shi daga sama.

Ga lissafin. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya ɗaukar ruwa. A ce ranar Yuli ce a Atlanta ko Charleston, zafin waje digiri 30 a ma'aunin Celsius, laima kashi 70. Wannan iskar in ta huce zuwa digiri 26, ba tare da an ƙara mata ko ɗigo ba, laimarta ta kai wajen 88. In ta taɓa abin da ya kai digiri 24 ko ƙasa da haka, sai ta sauke ruwanta a kansa. Katakon kogo a irin wannan lokaci yana wajen digiri 21 zuwa 24, bututun iskar sanyi kuwa ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba. Abin da ke faruwa da kwalbar lemo mai sanyi in an fito da ita daga firji a watan Agusta, shi ne ke faruwa da ƙarƙashin gidan gaba ɗaya. Kafar da aka buɗe don ta busar ita ce ke shayar da katakon. Wanda ya ƙara fanka don ta jawo iskar waje da yawa ya yi gyaran gangar auzinawa.

An gwada wannan a aikace. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar Advanced Energy da ke Raleigh ta bi diddigin gidaje 12 iri ɗaya a garin Princeville na Karolaina ta Arewa, wasu da kafofi a buɗe, wasu an rufe kogonsu. A masu kafofi laima takan haura kashi 80 a lokacin zafi, a rufaffun kuwa ta tsaya wajen 60 ko ƙasa da haka, kuma kuɗin sanyaya gida da ɗumama shi ya ragu da kimanin kashi 15 ko fiye. Yau dokar IRC ta yarda da rufaffen kogo, bisa sharuɗɗa.

Sharuɗɗan nan su ne mutane ke tsallakewa. Toshe kafofi kawai a tafi ya fi barinsu a buɗe muni, domin an kulle danshi ba a ba shi mafita ba. Rufewa ta gaskiya tana zuwa ne bayan an gama da ruwa mai gudu, an kuma shimfiɗa leda an like ta. Sannan a yanka allon soso mai tauri daidai girman kowace kafa a toshe, a zagaye shi da kumfar like kafa. A bi duk hudar da bututu ko waya suka ratsa bango da daɓe a cike. Ƙofar shiga a sa mata roba a gefe da sakata mai matsewa. Abin tare sanyi kuma a mayar da shi jikin bango maimakon ƙarƙashin daɓe, da allon soso mai kaurin inci biyu ko yadda dokar yankin ta ce, irin wanda aka amince a bar shi a fili ba tare da rufin kare gobara ba. Tsohuwar audugar gilashi in ta jiƙe a cire ta a zubar, ba ta komawa daidai, kuma tana riƙe ruwa a jikin katako tana ɓoye ɓarnar da ke bayanta.

A saman bango a bar tazara. Gara tana tasowa daga ƙasa ta gina 'yan hanyoyinta na laka masu kaurin fensir a jikin bulo har ta kai katako, kuma da ganin waɗannan hanyoyi ne mai duba gara ke gane ta iso. In aka lulluɓe bango da leda da soso har sama, an yi mata rufin asiri. Dokar Karolaina ta Arewa ta sa a bar inci 3 na bango tsirara a ƙarƙashin katakon da ke kwance a kansa saboda wannan. Kamfanonin feshin gara da yawa sukan janye garantinsu in an rufe musu wurin dubawa, don haka a tambaye su kafin a fara aiki, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Rufaffen kogo dole a ba shi abin da zai riƙa busar da shi, kuma doka ta ba da zaɓi. Ko fanka mai fitar da iska waje ba tsayawa, da kafar da iskar cikin gida za ta sauko ta maye gurbi. Ko a buɗe ɗan reshe daga bututun na'urar sanyaya gida ya riƙa huro busasshiyar iska a ciki. A duka biyun ma'aunin ɗaya ne, kubik ƙafa ɗaya na iska a minti ga kowane murabba'in ƙafa 50, wato kogo mai murabba'in ƙafa 1,500 yana bukatar 30. Ko kuma na'urar tsotse laima, wadda kundin IRC na 2018 ya sa mata ma'aunin kimanin lita 33 a yini ga kowane murabba'in ƙafa 1,000. A yankuna masu laima sosai mun fi natsuwa da na'urar tsotsewa. Reshen bututu yana aiki ne kawai lokacin da na'urar sanyaya gida ke kunne, alhali a watannin gabanin zafi da na kaka akwai ranaku masu laima da ba zafin da zai tayar da ita.

A sayi wadda aka ƙera don kogo, mai jure sanyi. Ta cikin ɗaki in zafi ya sauka ƙasa da digiri 18 sai ƙanƙara ta kama ta ta daina aiki. A ɗora ta a kan bulo, a daidaita zamanta, a saita ta a kan 55, a haɗa mata tiyo mai gangara zuwa bokitin tara ruwa ko waje, domin babu wanda zai riƙa rarrafe kullum yana zubar da ruwa. A wanke matatarta ko a canza ta sau biyu a shekara. Saita ta a kan 40 ɓarnar wuta ce, kuma tana iya busar da daɓe fiye da kima har allunansa su buɗe baki. Katakon da ya daɗe a jiƙe makonni yake ɗauka, wani lokaci watanni, kafin ya sauko. Fumfunar da ke jikinsa a kankare ta bayan ya bushe. Wanda ya ruɓe kuwa bushewa ba ta mayar masa da ƙarfi, sai kafinta ya haɗa masa sabo a gefe ko ya canza shi.

Akwai gidajen da ba a rufe wa kogo kai tsaye. Gidan da ke yankin ambaliya yana da kafofi na musamman waɗanda hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, da inshorar ambaliya suka wajabta, aƙalla biyu, murabba'in inci ɗaya ga kowane murabba'in ƙafa, gindinsu bai wuce ƙafa ɗaya daga ƙasa ba. Aikinsu su bar ruwa ya shiga ya fita don kada nauyinsa ya ture bango. Waɗannan ba a toshe su, sai dai a canza su da masu marfin da ke buɗewa da kansa in ruwa ya zo. Haka kuma in akwai tukunyar dafa ruwa ko na'urar ɗumama gida mai amfani da gas a cikin kogon, wadda ke shan iskar wurin, rufewa na iya sa hayaƙinta ya juyo cikin gida. Wannan ita ce iskar gubar da ke kashe mutanen da suka kwana da janareto a ɗaki, ba ta da wari ba ta da launi. Sai ma'aikacin gas ya duba, kuma a sa ƙararrawar gano ta a gidan. Sannan akwai radon, iskar da ke fitowa daga wasu duwatsu da ƙasa, wadda ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa kansar huhu a Amurka. Hukumar kare muhalli ta EPA ta ce a ɗauki mataki in ta kai 4 a ma'aunin pCi/L da ake auna ta da shi. A gwada kafin rufewa da bayanta. In ta yi yawa, ana kwantar da bututu mai huji a ƙarƙashin ledar a haɗa shi da fanka mai fitar da iskar ta saman rufi, kuma sanya bututun tun ranar shimfiɗa leda ya fi sauƙi nesa da a dawo a yaga daga baya.

A busassun yankuna na yammacin ƙasar, inda iskar lokacin zafi take kamar tamu ta hunturu, kafofi a buɗe da leda mai kyau a ƙasa sukan wadatar.

Shiga kogon ma da ƙa'idarsa. In akwai ruwa kwance kada a sa ƙafa sai an kashe wutar wurin, domin wayoyi sukan zazzago su kwanta a ƙasa. A sa takunkumi mai tace ƙura sosai, da safar hannu, da tabarau, da abin kare gwiwa. Kashin ɓera ba a share shi a bushe, a fesa masa ruwan bilic tukuna, saboda ƙurarsa na iya ɗauke da ƙwayar cutar hantavirus mai kama huhu. In tsohon gida ne aka ga bututu a naɗe da wani farin abu mai kama da kwali ko filasta, kada a taɓa, yana iya zama asbestos, wanda ƙurarsa ke illata huhu. A haska gaba kafin a miƙa hannu, macizai suna son wurin. Kuma wani ya san ka shiga.

Bayan an gama, a rataye ma'aunin laima mai aiko da lamba zuwa cikin gida ko waya, a tsakiyar kogon, nesa da bakin na'urar tsotsewa. In lambar da ta saba zama a 55 ta yi tsalle zuwa 70 ta ƙi sauka kwana biyu, wani abu ya faru: na'ura ta mutu, ko leda ta yage, ko bututu ya fashe. Sau biyu a shekara, kafin zafi ya shigo da kuma bayan kaka, a shiga da tocila a bi tazarar nan ta saman bango ana neman hanyar gara, a duba haɗin leda, a caka ma'auni a katakai uku ko huɗu a rubuta lambar da kwanan wata a jikin katakon da fensir, sannan a zuba bokiti biyu na ruwa a ramin injin a tsaya har a ji ya tashi ya kuma mutu da kansa.